Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton tsofaffin duwatsun kabari da baƙi da fari, da yanda ake gyara su

Ni abun da ya jefa ni cikin wannan harkar ƙanin kakata ne, wanda aka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitla aka kai su Boma bai dawo ba. Kakata har ta koma ga Mahaliccinta tana ambatonsa, bata taɓa sanin inda aka rufe shi ba. Bayan na zo Ingila wani abokina ya nuna mun shafin CWGC, hukumar da aka kafa tun 1917 don kula da kaburburan sojojin Ingila da na ƙasashen rainonta, nayi ta lalube dare da rana har na ci karo da sunan da nake kyautata zaton nasa ne a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon a can Boma. Na roƙi wani bawan Allah da ke aiki a can ya taimaka ya ɗauko mun hoto, kuma wallahi yayi ƙoƙari, ya biya mota da kuɗinsa yaje, toh amma da hoton ya iso sai gabana ya faɗi. Alamun kaburburan can farantan tagulla ne a kan ɗan tudun siminti, shi kuma ya tsaya a kai ya kunna filash, tsakiyar farantin yayi fari fat, sannan ya ɗora masa filtar baƙi da fari don ya ƙara kyau. Lambar sojan da nake nema, wadda ita kaɗai zata raba mun gardama, bata fito ba.

Nasan wani zai ce mu ina ruwanmu da dutsen kabari, a gida ai itace ne ko fasasshiyar tukunya ake ajiyewa don shaida, damina biyu ta wuce sai ƙasa ta shafe, kuma malamai sun yi magana a kan gini da rubutu a kabari. Haka ne, ni ma ba kira nake a fara ba. Amma akwai wuraren da an riga an rubuta, kuma wani lokacin wannan rubutun shi kaɗai ya rage a duniya game da mutum, irin kaburburan sojojinmu a Boma, da maƙabartun Turawan mulki a Lakwaja da Zungeru, da sashen Musulmi na maƙabartar Brookwood kusa da garin Woking a Ingila, da tsofaffin maƙabartun Santambul. Ruwa da iska kuma kullum cin rubutun suke. Shiyasa nake ɗaukar hoton nan a matsayin shaida kafin komai, idan jikan mamacin bai iya karanta suna da shekara a jiki ba toh aikin bai yi ba komai kyansa.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne yawa, shine haske. Mutane suna zaton idan rubutu baya fitowa ƙarin haske yake so, sai su dalle shi da filash ta gaba ko su tsaya rana na bayansu tana dukan fuskar dutsen kai tsaye. Alhali rubutun dutse sassaƙa ce, ba tawada ba, abun da ke nuna maka harafi inuwar da ta kwanta cikin ramin sassaƙar ce, haske ta gaba kuma cika ramin yake ya kashe inuwar gaba ɗaya. Abun da ake so hasken ya taho ta gefe yana shafar fuskar dutsen kamar yanda hantsi ke shafar bangon laka ka ga duk zanen yatsun magini sun fito. A hoton baƙi da fari abun ya fi tsanani don babu kalar da zata taimake ka, inuwa ce kaɗai jarinka.

A tsofaffin maƙabartun coci na Ingila yawancin kaburbura gabas da yamma suke kwance, don haka dutsen ko dai gabas yake kallo ko yamma. Wanda ke kallon gabas lokacinsa daf da rana ta raba tsaka, wanda ke kallon yamma kuma jim kaɗan bayan ta karkata, tagar bata da faɗi, wani lokacin rabin awa ce ta wuce. Na taɓa zama gaban wani dutse na shekarun 1700 wanda da safe ba abun da nake gani sai suna, ina zaune ina shan shayi a filas rana ta zagayo, kawai sai layuka huɗu suka fito a ƙasa kamar yanzu aka sassaƙa su, sunayen yara uku ne da suka rasu cikin shekara biyu, tsigar jikina sai da ta tashi. Dutsen da ke kwance a ƙasa shi kuma akasin haka ne, sassafe ko bayan la'asar sakaliya yake so lokacin da rana tayi ƙasa. Sashen Musulmi na Brookwood alƙibla aka bi wajen haƙa, don haka lissafin agogon ya canza, sai ka je ka duba da idonka ka dawo a lokacin da ya dace. Masu zuwa Lakwaja ko Zungeru kuma ku guji kwanakin da hazo ya rufe, hasken hunturu a baje yake baya yin inuwa ko kaɗan.

In rana taƙi ba da haɗin kai, ko dutsen na ƙarƙashin bishiya, madubi ne magani. Madubin kwalliya mai ɗan tsayi ya isa, wani ya riƙe maka daga gefe ya karkato hasken rana ya shafi dutsen, in babu madubi ka naɗe kwali da takardar foyil ta gashi. Ranar da hadari ya rufe kuma tocila mai ƙarfi, ka riƙe ta kusan manne da gefen dutsen, in da hali a rufa muku lema ko bargo don wurin yayi duhu. Ka ɗauka hasken na hagu, ka sake ɗauka yana dama, ka sake yana sama, saboda harafin da ya ɓuya a ɗaya zai fito a ɗayan.

Sai kuskuren da ni kaina nayi kuma har yau yana damuna. A farkon farawata na ga wasu na goga alli a fuskar dutse don rubutu ya fito, nima na sayi alli naje wata tsohuwar maƙabarta na fara gogawa a wani dutsen yashi, sai naji ɓarɓashi na zubowa a hannuna, wani ɓawo kamar faɗin tafin hannu ya ɓalle da rabin lambar shekara a jikinsa. Dattijon da ke kula da wurin yazo ya tsaya, bai ɗaga murya ba, yace mun wannan dutsen ya shekara kusan ɗari biyu a nan. Ban iya cewa komai ba sai haƙuri da na bashi. Don Allah jama'a, ba alli, ba hoda, ba garin fulawa, ba kumfar aski, ba burushin ƙarfe, balle bilic. Kumfar aski da bilic shiga suke cikin dutsen su bar sinadarin da zai ci gaba da cinsa bayan kai ka tafi, gari kuma abinci ne ga gansakuka. Iyakar abun da zaka yi, in dutsen lafiyayye ne kuma masu wurin sun yarda, ka fesa ruwa zalla, ka ɗan jira fuskar ta fara bushewa ramin haruffan na nan da danshi, zaka ga sun yi duhu sun fito. In ka ƙwanƙwasa da yatsa kaji yana ƙarar rami kamar ƙwarya ko kaga yana ɓarewa, ko ruwan ma kar ka sa. Gansakukar da ta manne kuma kar ka kankare ta, tafiya take da fatar dutsen, a Ingila ma wasu nau'o'inta kare su ake.

Akwai kuma masu saka waya a baƙi da fari tun kafin su danna. Na gane dalili, yana da daɗin kallo, amma in hoton ya ajiyu a haka ka zubar da kalar kenan har abada, kuma kalar nan ita ce makamin gyaranka. Ɗauka da kala, in kyamararka ko wayarka na yin RAW, wato tsarin da ke ajiye hoton ɗanye da duk bayanansa, ka kunna, sannan ka juya shi daga baya a manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Snapseed ko duk abun da kake amfani da shi. Ga amfanin, a ce dutse toka-toka ne gansakuka ruwan ɗorawa ta yi masa dabbare-dabbare a kan suna, in ka juya kai tsaye tabon zai fito fari ya rikita haruffan, amma in ka ja ma'aunin ruwan ɗorawa da na ruwan lemo ƙasa a hankali har hasken tabon yazo daidai da na dutsen, sai tabon ya kusa ɓacewa rubutun ya tsaya shi kaɗai. Haka kore, ka rage shi ciyawar baya tayi duhu dutsen ya fito. Kuma ka ajiye na kalar, kar ka goge, wata rana wani mai bincike zai so sanin irin dutsen.

Irin dutsen ma na da nasa hali. Farin mabul yana yaudarar kyamara ta rage haske ya fito kamar toka, sai ka ƙara masa kaɗan, baƙin silet kuma akasin haka, kyamara ƙara masa take har ya koɗe, sai ka rage. Silet shi ya fi kowanne riƙe rubutu, zaka ga na shekara 250 a yankin Leicestershire ko Wales kamar jiya aka yanka, matsalarsa ƙyalli. Giranit da aka goge shi kuma madubi ne sak, in baka lura ba kai da wayarka zaku fito a kan sunan mamaci, sa riga mai duhu ka ɗan matsa gefe. Mabul ɗin zamanin Sarauniya Victoria da yawa haruffan darma aka dasa masa, in sun zube zaka ga ƙananan huji a jere inda aka kafe su, kar ka wuce kace ba komai, da hasken gefe ana iya bin hujin nan a gane harafin.

Tsayuwa a kan dutse a karkato waya ƙasa, wannan kowa na yi, sai dutsen ya fito da ƙaton kai da siririn gindi layukan ƙasa sun matse. Durƙusa kawai kyamara tazo daidai tsakiyar rubutun, ka ɗan ja baya ka yi zumin sau biyu, ka taɓa dutsen a fuskar waya don ta auna haske a kansa ba a kan sararin sama ba.

Wajen gyara a kwamfuta ne ake yin ɓarnar da bata ganuwa. Mutum zai ja kwantiras, wato bambancin haske da duhu, har ƙarshe don hoton yayi ban tsoro kamar na fim, sama baƙi ƙirin dutse fari tas, toh duk siraran layukan da suka rage na tsohon rubutu a tsakanin toka mai haske da toka mai duhu suke zaune, ka ƙone su kenan. Wanda ya fi wannan muni manhajojin AI masu cewa zasu gyara tsohon hoto. Basa karantawa, cikewa suke da abun da ya yi musu kama, na gwada da idona a kan dutsen da na riga na san shekararsa, 3 ta koma 8, kuma ta fito tsaf yanda ba wanda zai yi shakka. A tsohon dutse dama 3 da 8, 1 da 4 da 7, 5 da 6 sune masu rikitarwa, in baka tabbatar ba ka rubuta cewa lambar bata fito ba, ya fi ka ɗora wa zuri'ar mutane shekarar ƙarya su yi ta yawo da ita. In kana son hoto mai kyau na ratayewa a bango yi shi daban, amma na shaida a barshi da sauƙin gyara.

Yanzu bangaren tarihin iyali, wanda a wurina nan ne masu kyamara masu tsada suka fi faɗuwa. Zasu ɗauko fuskar dutse ɗaya tal su tafi. Bayan wata shida ka tambaye su wace maƙabarta ce, wane layi, sai shiru. Ni yanzu hoton farko allon ƙofar maƙabartar ne, na biyu daga nesa yanda za'a ga dutsen da wata alama kamar bishiya ko bangon coci, sannan dutsen gaba ɗaya, sannan rubutun kusa kusa, sannan baya da gefuna da can ƙasa inda ciyawa ta rufe. A baya ko a gindi ake samun lambar fili da sunan masassaƙi, kuma sau da yawa sunan matar ko na jariri yana can ƙasa, danne ciyawar da hannu ya isa ba sai ka tona ba. Kaburburan da ke dama da hagu ma ka ɗauka ko da sunan ya bambanta, dangi kusa da juna ake rufe su, kuma tunda matan Turawa suna ɗaukar sunan miji, maƙwabcin nan zai iya zama shi zai gaya maka gidan da ta fito.

Sai karatun kansa. Tsohon Ingilishi na da wata s doguwa mai kama da f, mutane da yawa sun kwafi suna ba daidai ba saboda ita. In kaga relict bazawarar da miji ya mutu ya bari ake nufi, ba suna bane. In an rubuta mutum ya rasu a cikin shekararsa ta 72, toh 71 ya cika, bai kai 72 ba, wannan kaɗai na iya sa ka nemi haihuwarsa a shekarar da ba ita ba. Kafin 1752 kuma sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take farawa, shiyasa zaka ga an rubuta Fabrairu 1721/2, ba kuskuren masassaƙi bane, a lissafinmu na yau 1722 ce. A shekarar 1752 ɗin ma daga 2 ga Satumba aka tsallaka 14 ga wata. Ka kwafa yanda ka gani harafi da harafi, fassararka ka sa ta daban.

Mu da muka yi allo muna da riba a Santambul, don tsofaffin duwatsun maƙabartun Eyüp Sultan da Karacaahmet da haruffan Larabci aka rubuta su kafin Turkiyya ta koma boko a 1928, zaka iya tsinto Huwal Baƙi a sama da Fatiha a ƙasa da suna da shekara ko baka jin Turkanci. A nan kar ka yanke kan dutsen a hoto, rawani ko dara da aka sassaƙa a sama shi ke nuna matsayin mutumin, na mata kuma furanni ne. Inda ake zamewa lissafin hijira, mutum ya ga 1300 ya ƙara 622 yace 1922, alhali 1300 ta hijira a Nuwamban 1882 ta kama, shekara arba'in kenan ka yi kuskure, saboda shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya. Ga kuma kalandar Rumi da Usmaniyawa suka yi aiki da ita a ƙarshen zamaninsu, 1330 a Rumi 1914 ce, a hijira kuma kusan duk 1912 ce, sai ka duba sunan watan kafin ka yanke.

Kar kuma ka ɗauki dutse kamar ba ya kuskure. Wani sai bayan shekaru da rasuwa aka kafa shi, da abun da 'ya'ya suka tuna, shekarun haihuwa musamman. Wani sunan kuma yana jiki amma gawar bata wurin, zaka ga an ce ya rasu a teku ko a Faransa. A Ingila da Wales rijistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ta fara ne 1 ga Yulin 1837, ƙidayar da ta fara kawo sunan kowa ta 1841 ce, kafin nan sai littattafan coci, da su zaka gwada abun da dutse ya faɗa. Shafukan intanet na neman kaburbura irin Find a Grave da BillionGraves suna taimakawa amma 'yan sa kai ne ke cika su, ka buɗe hoton ka karanta da kanka.

Masu neman kakanninsu sojoji, ku ne na fi so ku ji wannan. Turawa basu rubuta sunayen mutanenmu yanda muke kiransu ba, yawanci suna ne da garin da mutum yace ya fito, irin Audu Kano ko Garba Sakkwato, kuma Muhammadu na iya zama Momo ko Mama, don haka mutum goma na iya yin suna ɗaya a runduna ɗaya. Lambar soja ita ce shaida, na Najeriya zaka ga NA a gabanta, kuma akwai Hausawa da dama da suka shiga ta rundunar Gold Coast, wato Gana ta yanzu, kar ka tsaya a Najeriya kaɗai. In akwai tsohuwar takardar sallama ko lambar yabo a cikin adakar gida ko wasiƙar da aka aiko, a nan zaka samo ta. Rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a yankin Arakan na Boma a 1944 da 1945, da yawa a daji suka faɗi ba'a samu gawarsu ba, shiyasa a Taukkyan kaburbura sun ɗan haura 6,000 amma ginshiƙan tunawa da ke tsakiyar wurin na ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda basu da kabari sananne, in naka na can lambar ginshiƙin zaka ba mai ɗaukar hoto. Na yaƙin duniya na farko kuwa abun ya fi ciwo, ita kanta hukumar CWGC ta fitar da rahoto a 2021 ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba'a rubuta sunayensu ba ko ma ba'a tuna da su ba sam, don haka rashin ganin suna baya nufin labarin da aka baka a gida ƙarya ne.

In ka shiga kowace maƙabarta ka nemi izinin masu kula da ita, kar ka taka kabari ko ka zauna a kai ko ka jingina jakarka da dutse don neman kusurwa mai kyau, in ta Musulmi ce kayi musu sallama da addu'a kafin ka ciro kyamara, in kaga ana jana'iza ka mayar da ita jaka. Sabon kabari mai sunayen 'ya'ya da jikoki da ke raye kuma bana sakawa a intanet sai da yardar iyalin.

Wajen turawa, WhatsApp matse hoto yake ya cire bayanan wuri da rana da ke cikinsa, siraran haruffan nan da ka sha wahala a kansu su dagule, tura shi a matsayin dokumen ko ta imel. Sunan fayil ɗin ma ka canza shi daga lambobin da kyamara ta bashi, sa sunan mamaci da shekara da maƙabarta da lambar fili. Bawan Allahn nan na Yangon ya sake komawa bayan wata biyu, wannan karon da sassafe, ba filash, ya durƙusa rana na shafar farantin ta gefe, ya turo mun guda shida da kala ta imel. Lambar ta fito tsaf, kuma ta dace da wadda ke jikin takardar da kawuna ya samo a adakar kakata. Na juya ɗaya baƙi da fari na wanke shi a takarda na aika gida, yanzu yana ɗakin mahaifiyata.